Jinjina Ga Masu Mayar Da Daɓen Siminti Jan Bulo

Wanda ya taka daɓen siminti da aka rina kamar jan bulo, da wuya ya san haƙurin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Magini yakan bar kankaren ya yi kwana 28 yana ƙarfi. Daga nan ya durƙusa da igiya da alli ya fitar da layuka, ya bi su da injin yanka, yana saɓa gaɓoɓin yadda ake jera bulo. Sai ya shafa ruwan asid mai gishirin ƙarfe, wanda ke haɗuwa da sinadarin da ke cikin simintin, launin ya ratsa jikinsa, ba ya ɓarewa kamar fenti. Wani bulon ya yi ja wur, na kusa da shi ya ɗan yi duhu, tamkar gashin wuta.

Wasu na cewa ai kwaikwayo ne. To, wa aka cuta? Mai gida ya san abin da ya biya, ya samu kyan bulo, ga shi babu ratar da ciyawa za ta tsiro. Maginan Kano da Zariya ma da zane a jikin yaɓe suka ƙawata bango. Ba don irin waɗannan hannaye ba, da farfajiyoyi da yawa sun zauna furu-furu. Allah ya yi wa sana'arsu albarka.