Ɗan Littafin da Ake Karantawa da Hanci

Da za a baje mini dukan kayan aikin likitocin ƙwaƙwalwa a ce in zaɓi guda in naɗa masa rawani, ko kallon manyan injinan ɗaukar hoton nan masu cin miliyoyin daloli ba zan yi ba. Wasu 'yan littattafai huɗu zan ɗauko, waɗanda ambulan guda ke ɗauke su har da fensir. Sunansu UPSIT, gwajin gane ƙamshi na Jami'ar Pensilbeniya da ke Filadelfiya a Amurka. Tun da suka shiga hannuna na zama maroƙinsu ba tare da kowa ya ɗauke ni aikin ba, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarinsu ko yana so ko ba ya so.

Kai, abin gwanin ban sha'awa! Kowane littafi shafi goma ne, a gindin kowane shafi kuma an manna wani ɗan ƙyalle mai ruwan ƙasa. A jikin ƙyallen akwai ƙananan ƙwanso da ido ba ya gani, kowanne ya ƙulle ɗigon ƙamshi a cikinsa. Sai ka karce wurin da bakin fensir, ƙwanson su farfashe, ka kai hanci ka sansana. A saman shafin an jera amsoshi huɗu, ka zaɓi ɗaya. Shi ke nan. Babu allura, babu ɗibar jini, babu layin karɓar kati, ba ruwanka da ko an kawo wuta ko an ɗauke. Kana zaune a ɗakinka, cikin kamar minti 15 ka ratsa ƙamshi 40: ayaba, kanumfari, fata, kwakwa, albasa, kirfa, fetur, baƙin mai, abarba, kankana, lemon tsami, sabulu, hayaƙi, ɗanyar ciyawa, gyaɗa. Lokacin da na karce na kanumfari sai da na yi dariya ni kaɗai, don wallahi shi ne, ba wani mai kama da shi ba.

Richard Doty da abokan aikinsa ne suka fito da shi a 1984, kuma akwai wata dabara a cikinsa da har gobe take burge ni. Dole ne ka ba da amsa ko da ba ka ji komai ba. Tunda amsoshin huɗu ne, mutumin da hancinsa ya mutu murus, idan ya yi ta cinke, zai dace da kimanin 10 cikin 40. To wanda ya zo da niyyar yaudara, misali mai neman diyya da ke da'awar hatsari ya kashe masa hanci, zai riƙa kauce wa amsar gaskiya da gangan, sai ya tashi da biyu ko uku. Lissafi kuwa ya ce da wuya makahon hanci na gaske ya faɗi haka. Takarda ce fa, amma ta iya kama maƙaryaci! Ban da haka, ba a auna ka da kowa da kowa. Da sa'o'inka ake gwada ka, maza da maza, mata da mata, domin mata sun fi maza hanci, kuma shekaru na cin hanci. A wannan shekarar ta 1984 Doty ya wallafa sakamakon gwada mutum kusan 2,000, inda aka ga fiye da rabin masu shekara 65 zuwa 80 hancinsu ya yi rauni sosai, waɗanda suka haura 80 kuwa fiye da kashi uku cikin huɗu ne.

Me ya haɗa hanci da ƙwaƙwalwa? Nan ne labarin ya fi daɗi. A can ƙuryar saman hanci akwai ƙwayoyin jijiya da ke ɗauke da na'urorin karɓar ƙamshi iri kusan 400, waɗanda gano asalinsu ya sa Linda Buck da Richard Axel suka sami kyautar Nobel a 2004. Zaren waɗannan jijiyoyi yakan bi ta wani ƙashi mai huda-huda ya shige cikin ƙoƙon kai, ya sauka a wani ɗan kumburi da ke ƙarƙashin goshin ƙwaƙwalwa. Daga nan saƙon ba ya wani dogon zagaye, kai tsaye yake faɗawa unguwar da ake ajiye tunani da shauƙi. Shi ya sa ƙamshin wani turare kan dawo maka da fuskar kakarka kafin ka ankara. To wannan kusancin shi ne kuma ya sa cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwa suke fara barin sawu a can.

Tun 1975 likitoci biyu, Ansari da Johnson, suka lura masu cutar Parkinson ba sa jin ƙamshi yadda ya kamata. Da Doty ya gwada su da littafinsa a 1988, sai ya tarar kusan tara cikin goma hancinsu ya taɓu, kuma mafi yawansu ba su ma san da haka ba. Wannan ita ce amsata ga duk mai ce mini ai shi ya san hancinsa lafiya lau. Ƙamshi ba ya tafiya rana ɗaya. A hankali yake sulalewa, mutum ya riƙa cewa girkin yanzu ba ya daɗi, ko turaren zamani duk jabu ne, alhali matsalar tana tsakiyar fuskarsa. A 2003 Heiko Braak na Jamus, bayan nazarin ƙwaƙwalen mamata, ya nuna cewa gurɓataccen furotin ɗin da ke taruwa a cutar Parkinson, mai suna alfa-sinukilin, yana fara bayyana ne a wannan kumburin na ƙamshi da kuma gindin ƙwaƙwalwa, sai daga baya ya hau zuwa wurin da ake sarrafa sinadarin dofamin. Kafin hannu ya fara karkarwa, kafin tafiya ta koma jan ƙafa, an riga an rasa kaso mai yawa na waɗannan ƙwayoyin. Hanci kuwa ya daɗe da sani.

Ba zance ba ne na fatar baki. A tsibirin Hawai an bi dattawa maza sama da 2,200 'yan asalin Japan, aka gwada su da gajeren gwaji mai ƙamshi 12. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna waɗanda suka fi kowa faɗuwa sun ninka waɗanda suka fi kowa ci kusan sau biyar wajen kamuwa da Parkinson cikin shekara huɗu. Wani binciken kuma, mai suna PARS, shi ne ya yi abin da ya fi kwanta mini a rai: ta gidan waya aka aika wa dubban mutane littattafan, suka karce a gidajensu suka mayar. Aka ware masu raunin hanci aka ɗauki hoton dofamin na ƙwaƙwalwarsu. Cikin mutum 21 da aka samu da raunin hanci tare da ƙarancin dofamin, 14 cutar ta bayyana a jikinsu cikin shekara huɗu. Dubi yadda takardar da ba ta kai komai ba ta tace dubbai ta nuna wa injin mai tsada inda zai duba.

Wannan hanyar ce Gidauniyar Michael J. Fox ta ɗauka ta faɗaɗa. Shi Fox ɗan fim ne da cutar ta kama yana da shekara 29, a 1991, ya kafa gidauniyar a 2000, ita kuma ta ƙaddamar da babban bincikenta mai suna PPMI a 2010. A ƙarƙashinsa aka shiga aika wa mutanen Amurka da Kanada gwajin ƙamshi kyauta har ƙofar gida, da farko masu shekara 60 zuwa sama waɗanda ba su da cutar. Ka karce, ka shigar da amsoshinka ta intanet, idan an ga dalili a gayyace ka ƙarin bincike. Sai ga shi a Afrilun 2023 mujallar Lancet Neurology ta fito da labarin da ya sa na kusa yin guɗa: gwajin ruwan laka da ke gano gurɓataccen furotin ɗin nan a jikin mai rai. An gwada shi a kan mutum 1,123. Ya kama kusan kashi 88 cikin 100 na masu cutar, amma a cikin masu irin cutar da aka saba gani waɗanda kuma hancinsu ya raunana, ya kai kusan kashi 99. Wato gwajin da a lokacin ya fi kowane sabunta ya zo ya gaskata ɗan littafin da a lokacin ya kusa shekara arba'in.

Haka abin yake a ɓangaren cutar Alzheimer da sauran nau'o'in gigin tsufa. Masu bincike na Jami'ar Chicago sun ba wa mutum kusan 3,000 masu shekara 57 zuwa 85 ƙamshi biyar kacal: na'ana'a, kifi, lemo, furen wardi da fata. A 2017 suka bayyana cewa waɗanda suka kasa gane aƙalla huɗu sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen shiga gigin tsufa bayan shekara biyar. A 2025 kuma ayarin Mark Albers na Boston ya wallafa sakamakon wani sabon gwajin gida mai suna AROMHA, wanda ban da gane ƙamshi yana auna ko za ka iya bambance biyu masu kama da juna da kuma tuna wanda ka sansana ɗazu. Ina yi masa fatan alheri, amma ni dai ina nan tare da tsohon.

Kada wani ya ce ai sai ya buɗe kwalbar tunkuza ya gwada kansa. An yi wannan yayin a 2013, lokacin da wasu a Jami'ar Florida suka ce za a iya gano Alzheimer da cokalin markaɗaɗɗiyar gyaɗa da abin awo, a toshe ƙofar hanci ɗaya a ga daga nisan da ɗayar za ta ji. Jaridu suka yi ta yayatawa. Shekara ta zagayo aka sake gwadawa, sakamakon bai maimaitu ba. Abin da ya raba UPSIT da irin wannan shi ne ma'auni: ƙamshin da na karce shi ne wanda mutumin Toronto ya karce, kuma akwai dubban sa'o'ina da za a jera ni da su.

Ƙauna ba za ta sa in yi masa ƙarya ba. Littafin ba ya cewa kana da cuta. Yawancin masu raunin hanci ba za su taɓa yin Parkinson ba. Mura, toshewar hanci, tsiro a cikin hanci, buguwar kai a hatsari, taba, korona, tsufa kansa, duk suna kashe ƙamshi, kuma wanda ya yi gwajin yana fama da mura a tsakiyar hunturu ya ɓata fensirinsa ne kawai. Wanda ya faɗi, likitan hanci da maƙogwaro ya kamata ya fara gani. Idan kuwa raunin ya haɗu da daɗaɗɗen taurin bayan gida, ko naushi da shuri cikin barci ana aikata mafarki, ko rubutun hannu da ke ta ƙanƙancewa, to a nemi likitan jijiyoyi.

Akwai masu tambayata amfanin sani tun da wuri tunda har yanzu babu maganin da ke tsayar da cutar. Ina girmama mai wannan ra'ayi, kuma ban ce a tilasta wa kowa ba. Sai dai maganin da zai tsayar da ita, in Allah Ya kawo shi, a kan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta gama lalacewa ba za a fara gwada shi, kuma da irin wannan takardar ake nemo su. Ko a bar maganar ƙwaƙwalwa ma, dattijon da ba ya jin warin gas na yoyo, ko ƙaurin wayar wuta, ko tsamin miyar da ta lalace, ya cancanci ya sani, iyalinsa su ma su sani.

Ƙorafina guda ne, kuma na masoyi ne. Littafin Ba'amurke ne tun daga hula har takalmi. A cikin arba'in ɗin akwai wani lemon kwalba nasu mai suna root beer, da wani ganye wintergreen, da furen lilac, da kokwamba mai tsami da suke jiƙawa. Da na iso waɗannan shafukan na ji ƙamshin sarai, amma ban san sunan da zan liƙa masa ba, sai na koma cire waɗanda na tabbata ba su ba ne. A ba wa tsohuwar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Maraɗi wannan, za a rubuta mata raunin hanci alhali tana iya gane an sa daddawa a miyar maƙwabta daga tsakar gidanta. An riga an gyara shi don mutanen Brazil da Japan da wasu ƙasashen, an sauya abin da ba su sani ba da wanda suka sani. Saboda haka ina kira ga likitocinmu na hanci da na jijiyoyi a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, don Allah a zauna a yi mana namu, a auna shi a kan dattawanmu: daddawa, man shanu, citta, tafarnuwa, turaren wuta, kananzir, busasshen kifi, ƙaurin tuwo, da hotuna a gefen amsoshin saboda wanda bai yi boko ba. Ranar da ya fito, ni ne na farko a layi, kuma da fensirina zan zo.