Jaridar Ɗalibai: Ƙaramar Takarda, Babban Nauyi

Masu hikimar magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda duk yake son sanin abin da jaridar ɗalibai ke iya aikatawa, ya waiwayi jaridu biyu da ƴaƴan Afirka suka buga a Faransa lokacin mulkin mallaka.

Ta farko ita ce L'Étudiant noir, wadda ta fito a birnin Paris a watan Maris na 1935. Aimé Césaire da Léopold Sédar Senghor suna cikin marubutanta. Shafukanta kaɗan ne, ba ta kuma yi tsawon rai ba, amma a cikinta Césaire ya fara rubuta kalmar Négritude, wato alfaharin baƙar fata da asalinsa. Manufarta ƙin narkewa cikin al'adun Faransa. Adabin da ake koyarwa yau a makarantun sakandare na Damagaram yana da saiwa a wannan takarda.

Ta biyu ita ce L'Étudiant d'Afrique noire, muryar ƙungiyar FEANF da aka kafa a 1950. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, yana cikin waɗanda suka aza harsashin ƙungiyar. Wannan jarida ta fi ta farko zafi, domin ta wuce batun al'ada ta shiga neman ƴancin kai, har hukumomin Faransa suka riƙa ƙwace wasu fitowarta. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, FEANF ta ce a kaɗa “a'a”, kamar yadda jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nema. Amma a Nijar “i” ce ta rinjaya.

Haƙiƙa matsin lambar gwamnatin mulkin mallaka ya yi tasiri a wannan sakamako. Sai dai akwai rauni a jaridun kansu wanda bai kamata a rufe ba. Sun yi magana da sunan talaka cikin harshen da talaka ba ya ji. Manomin Mirya da majemin Birni ba su da hanyar karanta abin da aka rubuta dominsu. A Zariya kuwa, tun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo take fitowa da Hausa, Abubakar Imam yana editanta, wanda ya iya boko yana karanta wa wanda bai iya ba. Ita ta sami masu sauraro, amma tana hannun hukuma. Jaridun ɗalibai sun sami bakin faɗa, amma suka rasa jama'a. Abdou Moumouni ya gane wannan giɓi, shi ya sa a littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964 ya nemi a koyar da yara da harsunansu.

Tarihin Nijar ya nuna nauyin muryar ɗalibai. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai. A watan Mayu na shekarar jaridar Haské mai zaman kanta ta fito, a 1991 kuma aka zauna Babban Taron Ƙasa bisa jagorancin André Salifou, ɗan Damagaram, wanda jami'ar Zinder, da aka kafa a 2010, take ɗauke da sunansa yanzu.

Saboda haka ma'aunin jaridar ɗalibai a wannan gari abu uku ne. Ta faɗi gaskiya kan kuɗin tallafi da ɗakunan kwana da jinkirin shekarar karatu, da hujja, ban da zagi. Kada ta zama kakakin wata jam'iyya ko shugabannin ƙungiya. Sannan ta ba Hausa da sauran harsunan ƙasa shafi na sosai, na nazari da muhawara, ba kusurwar barkwanci ba. Malamai da ƙungiyoyin al'adu su ne za su raini masu wannan alƙalami tun daga aji, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.