Rumbun da ba a ɗauka ba: nazari kan hotunan Damargu

Duk wanda ya bi jaridun Turai a daminar 2005 ya ga Nijar da fuska guda: yaro rataye a ma'auni, uwa ta sunkuyar da kai, hannun likita a gefe. Bayan farin 2004 da farar da ta zo tare da shi, rahoton Hilary Andersson na BBC daga Maraɗi, cikin watan Yuli, ya buɗe ƙofa. Masu ɗaukar hoto suka kwararo har jahar Damagaram. Ba zan ƙaryata hotunan nan ba, domin sun jawo agaji a lokacin da shugaba Tanja Mamadu yake musun akwai yunwa. Amma in na shimfiɗa su gaban ɗalibai, tambaya ɗaya takan gagare mu: wannan ina ne? Tanut ce, ko Habasha ta 1984?

Abin da ya ɓace a cikinsu shi ne ƙasar kanta. Damargu rumbun Abzin ce tun kaka da kakanni. A nan ayarin Abzinawa yake lodin hatsi, kuma haka Heinrich Barth ya tarar da ita sa'ad da ya ratsa ta a watan Janairu na 1851. Yunwa a irin wannan ƙasa tana da sababi, sababin kuma ana iya ganinsa da ido. A 2005 akwai hatsi a kasuwa, tsadarsa ce ta fi ƙarfin talaka, yayin da darajar dabba ta faɗi warwas. Ina hoton makiyayi riƙe da igiyar sa a kasuwar Tanut, yana kallon buhun da sansa bai isa ya saya ba? Ina matan da suke jiƙa anza kwana da kwanaki don su kashe ɗacinta? Ina rumbu a buɗe? Hoton yaro yana sa hawaye. Waɗannan da sun sa tambaya. Sai dai ba a samunsu da yinin rana ɗaya a cibiyar jinya, mota tana jira a waje.

Fuska ta biyu da duniya ta san yankin nan da ita ita ce ta samarin Woɗaaɓe a Gerewol. Littafin Carol Beckwith da Marion van Offelen, Nomads of Niger, na 1983, ya fito daga doguwar zama da makiyaya, kuma akwai rijiya da ƙaura a cikinsa. Masu koyi da shi kwalliyar kawai suka ɗauka, suka bar wahalar guga.

Marigayi Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya nuna wata hanya a Yamai ta shekarun 1960 da 1970. Mutanen da ke hotunansa sun saba da shi, shi ya sa ba su daskare ba. Sanayya ce ta ba aikin zurfi, ba tsadar kamara ba.

Wannan sanayyar matasan Tanut da Belbeji suna da ita kyauta: harshe, dangi, da lokacin jira. Abin takaici, akasari da wayoyinsu tsayuwar taurarin fim suke kwaikwayo. Amma wata ɗaliba ta taɓa kawo mini hoton da har yau nake nuna wa aji. Haske bai wadace shi ba, ya ma ɗan karkace. Kakarta ce zaune a bakin rumbu bayan girbi, tana ware zangarniyar iri daga ta ci. Fuskar tsohuwar ba ta fito ba, hannuwanta kawai, da tari biyu a ƙasa. Tarin iri ya fi na ci girma.