Hannun da ke sa kwamfuta ta gane filash

A shagunan kwamfuta na Malam Madori da Haɗeja, inda ake buga takardu, a cike wa ɗalibai fom, a tura wa samari fina-finai a memori, akwai matsala ɗaya da ke tsayar da ciniki cak: a soka filash ko igiyar firinta, kwamfuta ta yi biris, ko ta yi ɗan kukan nan nata ta ce ba ta gane abin da aka soka ba. Ga layi ya taru, ga janareto na shan mai. A nan ake bambance gwani da ɗan koyo.

Ɗan koyo zai zare ya mayar, ya zare ya mayar, har ya karya harshen ramin. Gwani kuwa tambaya yake farawa da ita: jiya ya yi aiki? A wace kwamfuta aka soka shi daga ƙarshe? Ya faɗi ƙasa? Sai ya canza rami, in bai yi ba ya kai filash ɗin wata kwamfutar. Kafin ya kwance noti ko ɗaya ya riga ya raba laifi gida uku: ko na na'urar ne, ko na igiya, ko na kwamfutar kanta.

Maganar igiya ta fi ba ni sha'awa. USB ya fito a 1996, kuma irin wanda aka fi sani har yau zare huɗu ne a cikinsa: ja da baƙi na kai wuta mai ƙarfin bolt 5, fari da kore na kai bayanai. Da yawa daga igiyoyin caja masu araha zare biyu kacal suke da su, na wutar. Shi ya sa za ka ga wayarka na caji lafiya lau, amma kwamfuta ta rantse ba ta gan ta ba. Mai aiki na gari yana da igiyarsa guda da ya yarda da ita, ba ya ba da aronta ko ga ɗan uwansa, da ita yake auna sauran. Ya kuma san cewa wayar Android sai an taɓa allonta an zaɓi tura fayil kafin ta buɗe cikinta, abin da ya hana mutane da dama barci a banza.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hannun. Da hunturu ƙura ke cika ramukan, da damina kuma danshin fadama ya sa tsatsa ta hau ƙarafan. Gwani zai kashe kwamfutar, ya hura ramin, ya share da busasshen buroshi. Ba ya cusa allura, don ya san ƙarfe na iya haɗa wuta ya ƙone abin da ya fi filash tsada. In babban faifai ne na waje yake ƙyas-ƙyas ya ƙi tashi, sai ya yi zargin yunwar wuta, tunda tsohon rami miliamfiya 500 kawai yake bayarwa. Ya cire sauran kayan da ke jone, ya mayar da shi ramin baya.

Sai duk wannan ya ƙare yake shiga manhaja. A Windows zai buɗe Device Manager ya nemi alamar ruwan ɗorawa, sau da yawa tare da lamba 43. Ya cire direban, ya kashe ya kunna, kwamfuta ta sake ɗora shi da kanta. Wani lokacin kuma ta ga filash ɗin sarai, harafi ne kawai ba ta ba shi ba, sai a shiga Disk Management a sa masa.

Amma abin da ya sa nake girmama masu wannan aiki shi ne lokacin da allo ya ce a yi fomatin. Maɓalli ɗaya ne, kuma filash ɗin zai iya dawowa kamar sabo. Sai dai a cikinsa akwai kundin kammala karatu na wata ɗalibar Kwalejin Binyaminu Usman, ko hotunan biki, ko lissafin buhunan shinkafar wani ɗan kasuwa. Gwani zai ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, kina da kwafinsa a wani wuri?" In babu, sai ya fara ƙoƙarin ceto abin da ke ciki, ko da aikin zai kai shi magariba a kan ladan da bai taka kara ya karya ba.

Don haka ranar da kwamfutarka ta nemi ka yi fomatin, kada ka danna. Zare filash ɗin ka kai wa wanda zai fara da yi maka tambaya.