Kujerar Magatakarda: Kariya ga Takardun Ganawar Shugabannin Amurka

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sha'awar tarihin Yaƙin Cacar Baka. Wai tun da aka buɗe kaset-kaset ɗin da Kennedy da Johnson da Nixon suka naɗa a asirce a fadar White House, takardun bayanin ganawa sun tashi daga aiki. Hujjarsu ita ce, ga mutum yana magana da bakinsa, me za a yi da abin da wani ma'aikaci ya taƙaita? Wasu kuma sun fi su zafi, suna cewa takardar gwamnati, ko ta ina ta fito, ƙarya ce da aka buga wa hatimi. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin maganganun nan ba. Na farko sun ɗauka duk abin da kunne ya ji shi ne cikakken labari. Na biyu kuwa da alama ba su taɓa zama sun karanta takardun a jere ba.

Tarihin abin a taƙaice yake. Tun 1861, zamanin Lincoln, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fara buga jerin kundayen takardun hulɗarta da ƙasashen duniya, kuma har yau ba ta daina ba. Roosevelt ya buɗe ɗakin adana takardunsa a Hyde Park a 1941, dokar 1955 ta mayar da abin al'ada, sai na Truman ya biyo baya a Independence, na Eisenhower a Abilene, na Johnson a Austin, na Kennedy a Boston. Bayan abin kunyar Watergate ne dokar 1978 ta yanke cewa takardun shugaba dukiyar al'umma ce, ba gadon gidansa ba. A cikin wannan tarin, abin da nake karewa shi ne takardar nan mai shafi biyu zuwa goma, wadda wani ma'aikaci da ke zaune a gefen ɗaki yake rubutawa bayan an tashi daga ganawa da shugaba.

Wanda ya fi kowa gwanancewa a wannan fanni, a ganina, shi ne Andrew Goodpaster, hafsan soja da ya zama sakataren ofishin Eisenhower daga 1954 zuwa 1961. Tsarin takardarsa ba ya canzawa. A sama akwai ranar ganawa, da sunayen waɗanda suka halarta, da ranar da aka rubuta takardar, wadda sau da yawa ba ita ce ranar ganawar ba. A ƙasa akwai sa hannunsa. Tsakanin nan biyu kuwa duk magana an juya ta zuwa bakin mai ba da labari: Shugaba ya ce kaza, Sakataren Harkokin Waje ya nuna kaza, Shugaba ya tambaya ko kaza zai yiwu.

Wannan juyawar ita ce dabarar da masu suka suke rainawa, alhali a nan ƙwarewar take. Magatakarda nagari ba ya amfani da aikatau ɗaya ga kowace magana. Idan shugaba yana tunani ne a fili, sai a rubuta cewa ya yi tunanin ko za a iya. Idan yana gwada ƙarfin hujjar wani, sai a rubuta cewa ya tambaya. Idan ya yanke hukunci, sai a rubuta cewa ya umarta ko ya amince. Matakai uku ke nan daban-daban, kuma wanda yake cikin ɗakin ne kaɗai zai iya bambanta su, domin shi ya ga fuska, ya ga wanda aka kalla lokacin da aka yi maganar, ya kuma san halin maigidansa na shekara da shekaru. Na'urar naɗar magana ba ta da wannan ilimi. Duk abin da ya fito daga baki ɗauka take yi a mizani ɗaya, da ba'a da barazana da umarni, ta bar mai sauraro na bayan shekara hamsin yana lalube.

Abu na biyu da takardar take kiyayewa shi ne jerin magana, wato wa ya yi magana bayan wa, da inda zance ya karkata. Mai karatu da ya saba zai lura cewa a takardun Eisenhower sau da yawa minista yakan yi dogon bayani, sai a ga layi ɗaya inda Shugaba ya tambayi nawa abin zai ci, ko me za a yi kashegari idan shirin ya watse. Daga wannan layi sai sauran takardar ta canza hanya. Ba a rubuta cewa Shugaba ya ƙi shawarar ba, amma duk mai ido ya ga inda ta mutu.

A duba daren 29 ga Oktoba 1956, ranar da Isra'ila ta kutsa cikin yankin Sina'i na Masar. Saura kwana takwas a yi zaɓe a Amurka. Eisenhower ya tara manyan muƙarrabansa, Goodpaster yana gefe da alƙalami. Takardar ta nuna mutum da ya fara zargin cewa Birtaniya da Faransa suna da hannu a ɓoye, ya dage cewa Amurka za ta cika alkawarin da ta ɗauka a 1950 na tsayawa tare da duk wanda aka kai wa hari a yankin, ya kuma faɗa a fili cewa a kan wannan al'amari bai damu da ko za a sake zaɓensa ba. Abin da ya biyo baya ya gaskata takardar: Amurka ta kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙi tallafa wa kuɗin fam na Birtaniya da ke tangal-tangal, har aka tsagaita wuta, maharan suka janye daga mashigin Suwez.

Kafin a buɗe irin waɗannan takardu, hukuncin da aka yi wa Eisenhower shi ne tsoho mai son wasan golf wanda ya sakar wa Sakataren Harkokin Wajensa, John Foster Dulles, ragamar harkokin waje. A ƙuri'ar jin ra'ayin masana tarihi ta 1962 ya zo na 22. Da aka fara buɗe takardun Abilene a shekarun 1970, musamman waɗanda sakatariyarsa Ann Whitman ta adana, sai hoton ya juye. An ga mutumin da ya shugabanci zaman Majalisar Tsaron Ƙasa fiye da sau 300, yana ja-in-ja da janar-janar a kan kasafin makamai, yana gyara wa Dulles rubutu da hannunsa. Littafin da Fred Greenstein ya fitar a 1982 a kan shugabancin da ke aiki ta bayan fage a kan waɗannan takardu ya dogara. Ba kaset ne ya wanke Eisenhower ba, aikin masu alƙalami ne.

Masu suka za su ce ai magatakarda ɗan Adam ne, yana iya kuskure. Ƙwarai kuwa, kuma misali mafi kyau shi ne ganawar 19 ga Janairu 1961, jajibirin miƙa mulki, lokacin da Eisenhower da Kennedy suka zauna da manyan mutanensu a kan rikicin Lawos. Mutum huɗu sun bar bayani: Kennedy da kansa, da Clark Clifford, da Robert McNamara, da Christian Herter. Clifford ya fahimci cewa Eisenhower ya ce idan ta kama Amurka ta shiga ko da ita kaɗai ce. McNamara ya rubuta cewa Eisenhower ya ba da shawarar kada Amurka ta shiga ita kaɗai. Ɗaki ɗaya, sa'a ɗaya, kunnuwa daban. Bayanin Clifford ne ya yi suna, domin ya sake rubuta wa Johnson shi a 1967, daga nan ya shiga kundin sirrin yaƙin Biyetnam da aka fallasa a 1971, aka yi ta kafa hujja da shi cewa Eisenhower ne ya tura magadansa cikin dajin Asiya. Sai a 1992 Greenstein da Richard Immerman suka jera bayanan huɗu gefe da gefe.

Wannan saɓani ba aibi ba ne ga fannin, amfaninsa ke nan. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san ba a yanke hukunci a kan matani sai an binciki mai ruwaya, an kuma tattara hanyoyin da maganar ta biyo. Haka ake karanta takardar ganawa. Wane ne ya rubuta? Yaushe? Wa yake yi wa aiki? Me yake son ji? Da aka yi wa bayanan nan huɗu wannan tambaya, sai aka samu abin da ya fi jimlar Eisenhower muhimmanci, wato yadda sabuwar gwamnati ta shiga ofis manyanta ba su ma daidaita a kan abin da aka faɗa musu ba.

Ba na hana kaset haƙƙinsa. Kimanin awa 260 da Kennedy ya naɗa tun daga tsakiyar 1962 sun tona abubuwan da babu takardar da ta tona. Su ne suka nuna cewa Robert Kennedy, ƙanin Shugaba, wanda littafinsa na 1969 ya zana shi a matsayin mai kiran a bi a hankali a rikicin makamai masu linzami na Kyuba, a ranar farko ta 16 ga Oktoba yana cikin masu neman dalilin kai hari, har yana ambaton jirgin ruwan Maine wanda nutsewarsa a 1898 ta haddasa yaƙi da Sifaniya. Amma a tuna cewa makunnin na'urar yana hannun Kennedy, shi yake kunnawa lokacin da ya ga dama, kuma yawancin waɗanda suke ɗakin ba su san ana ɗaukarsu ba. Shawarar da ta kashe wutar rikicin, a daren 27 ga Oktoba, an yanke ta ne a wani ƙaramin zama da ba a naɗa ba. A nan aka amince Robert Kennedy ya je ya tabbatar wa jakadan Tarayyar Sobiyat, Anatoly Dobrynin, cewa za a kwashe makaman Jupiter daga Turkiyya cikin 'yan watanni, bisa sharaɗin kada a faɗa wa duniya. Cikakken bayanin ganawarsa da jakadan yana cikin rahoton da Dobrynin ya aika Mosko a daren, wanda shi ma takardar bayanin ganawa ce. A 1989 Theodore Sorensen, muƙarrabin Shugaba Kennedy, ya amsa cewa shi ne ya dusashe maganar cinikin lokacin da yake tace littafin Robert Kennedy. An kwashe makaman a Afrilun 1963. Ga kuma matsalar da masu yabon kaset ba sa son ambata: kusan kowa rubutacciyar fassarar kaset ɗin yake karantawa, ba muryar yake ji ba, kuma masanin tarihi Sheldon Stern ya nuna kurakurai masu yawa a bugun 1997, har da jingina magana ga wanda bai faɗe ta ba.

Hujja mafi nauyi da za a iya kawo mini ita ce ta Kwango. A zaman Majalisar Tsaron Ƙasa na 18 ga Agusta 1960 an tattauna firaministan Kwango, Patrice Lumumba. Takardar zaman ba ta ƙunshi umarnin kisa ba. Amma a 1975, wanda ya ɗauki bayanin ranar, Robert Johnson, ya shaida wa kwamitin Sanata Frank Church cewa ya ji Eisenhower ya faɗi abin da shi ya fahimta a matsayin umarnin a kashe Lumumba, kuma ɗakin ya yi tsit. Wasu muƙarrabai, irin su Gordon Gray, sun musanta. Abin da ba a musu a kansa shi ne cewa hukumar CIA ta aika guba birnin Leopoldville a watan Satumba, ko da yake ba a yi amfani da ita ba, kuma an harbe Lumumba a Katanga ranar 17 ga Janairu 1961 a hannun 'yan awaren yankin da hafsoshin Beljiyam. Kwamitin ya ce jerin abubuwan da suka faru sun isa a yi zaton izinin daga Shugaba ya fito, amma bai yanke tabbaci ba.

To, takarda ta ɓoye. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma tabo ne a kan mutumin da na yaba a sama. Sai dai a lura da yadda asirin ya tonu. Saboda tsarin ya tilasta a zaunar da wani mai suna a ɗakin, bayan shekara goma sha biyar an samu wanda za a kira, a rantsar, a yi wa tambayoyi. Giɓin da ke cikin takarda yana da mai shi. Giɓin da ke cikin kaset ba shi da wanda za a tuhuma sai shugaban da ya kashe na'urar.

Haka ya faru da Iran. Kundin da Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga a 1989 ya tsallake rawar da CIA ta taka wajen kifar da firaministan ƙasar, Mohammad Mosaddegh, a 1953. Masana suka yi ca, shugaban kwamitin ba da shawara kan kundayen, Warren Cohen, ya ajiye muƙaminsa a 1990, sannan majalisa ta kafa dokar 1991 da ta wajabta a buga cikakken bayani ingantacce cikin shekara 30. Kundin Kwango ya fito a 2013, gyararren na Iran a 2017. An makara ƙwarai, amma ramin ƙarya ƙurarre ne idan akwai jerin takardu masu kwanan wata da kowa zai iya ƙirgawa ya ga inda aka zare ɗaya. Yau kundayen suna intanet kyauta ga duk mai son dubawa.

Abin da na daɗe da yarda da shi shi ne, ana gane shugaba ta hanyar ko ya yarda a ajiye wa magatakarda kujera a ɗakin da yake yanke hukunci. Kennedy ya rushe yawancin tsarin kwamitocin da ya gada a farkon 1961 saboda yana ganin nawa gare su, kuma cikin watanni uku ya afka cikin mummunan harin da aka kai Kyuba a watan Afrilu, bayan tarurrukan da kowane ɓangare ya fita da tasa fahimtar. Nixon ya tara awa 3,700 na murya don amfanin kansa, ya yi ta shari'a don kada kowa ya ji. Wanda yake naɗar kansa a ɓoye yana tanadin makamin kare kai ne. Wanda ya bar wani ɗan Adam ya ji, ya rubuta, ya sa hannu, ya aika wa ma'aikatu don a aiwatar, ya amince ke nan cewa ikon da ke hannunsa amana ce da za a tambaye shi a kanta. Shi ya sa ko takardar da ta yi ɓoyo ta fi daraja a wurina a kan kaset mafi tsabtar sauti, domin ita ce ta ajiye shaidar da ya tsaya gaban majalisa ya faɗi abin da ya ji daga bakin maigidansa.