Injin Casa Ya Yi Shiru, Marubutanmu Ma Haka

Ƙorafina a kan marubutanmu na arewacin Kamaru guda ɗaya ne: sun san yadda ake ba da labarin macen da aka saka, amma ba su waiwayi ma'aikacin da aka sallama ba. Aikina na rediyo a Garwa yana sa in karanta rubuce-rubucen matasa masu yawa. Kusan dukkansu soyayya ce, da kishi, da auren dole. Ban raina waɗannan jigogi ba. Da irinsu Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta ci kyautar Goncourt ta ɗalibai a Faransa a 2020. Sai dai gida ba ya rushewa daga ɗaki kawai. Wani lokaci daga ƙofar masana'anta ɓarakar take farawa.

Mu ɗauki SEMRY, kamfanin shinkafa da gwamnati ta kafa a Yagwa a 1971, aka gina masa madatsar ruwa ta Maga a 1979. Manomi ya noma, kamfani ya saya, ya cashe a injinansa, ya zuba a buhu. Da tattalin arziki ya karye a ƙarshen shekarun 1980, shinkafar Asiya mai araha ta cika kasuwannin Duwala da Yawunde, sai kamfanin ya janye daga saye da casa, aka rage ma'aikata. Noman bai tsaya ba. Shanshera ce ta riƙa tsallaka iyaka zuwa Najeriya, ana cashe ta a can. Wato aikin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Tare da shi ladan mai gyaran inji ya tafi, da na ɗan dako, da cinikin mai tuwo-tuwo, har da dusar da makiyayi ke saye. Kamfanin alkama na Sodeblé da ke Wassandé, kusa da Ngaundare, shi kam durƙushewa ya yi gaba ɗaya.

Ina labarin magidancin da ya ci gaba da fita da asuba don kada iyalinsa su gane? Ina na 'yarsa da aka cire daga makaranta aka aurar? Auren dolen da muke ta rubutawa, sau da yawa nan ne tushensa.

Wani zai ce adabi ba rahoton jarida ba ne. Gaskiya ne. Amma Sembène Ousmane ya ɗauki yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Neja na 1947 da 1948 ya mai da shi ƙagaggen labari, har yau ana karanta shi. Rahoto lissafa mutane yake yi, ya wuce. Marubuci ne ke iya shiga gidan da tukunya ta daina hawa murhu. Tsofaffin ma'aikatan nan suna tsufa a ƙarƙashin darbejiyoyin Yagwa da Garwa. Duk mai alƙalami ya je ya zauna da su tun ana iya jin muryarsu.