Jinjina ga Leon Chua, Uban Memrista

A 1971, da alƙalami da lissafi kawai, Farfesa Leon Chua na jami'ar Berkeley a Amurka ya ce akwai wani ɗan kayan lantarki da ba a gano ba, wanda ke tuna wutar da ta ratsa shi ko an kashe na'ura. Ya raɗa masa suna memrista. Sai a 2008 ayarin Stanley Williams na kamfanin HP suka ƙera shi. Shekara 37, kai, haƙuri ke nan!

Yau masana na jera memrista don kwaikwayon ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wadda wat 20 ke isarta, tana ajiya da lissafi wuri guda. In na'urori suka rage shan wuta haka, mai cajin waya da janareta a kasuwar Tambuwal, da manomin Kebbe da batirinsa ke mutuwa a gona, su wannan aikin zai fi yi wa rana.